Kuɗin Koyon Sana'a a Ƙasar Gobir

Kadan mutum ya tashi daga Sakkwato ya nufi gabas maso arewa, ya wuce mararrabar Wurno, ya ratsa Goronyo, zai isa Sabon Birni a bakin Gulbin Rima. Kudu da ita ga Isa, arewa kuwa ga iyakar ƙasar Nijar. A cikin ƙauyukan da ke kusa da iyakar nan akwai wani ana ce da shi Burkusuma. A dā ba safai a kan ji sunansa a wajen ƙasar Gobir ba. Sai a watan Satumba na shekarar 2021, sa'ad da 'yan bindiga suka auka wa sansanin jami'an tsaro da ke can suka kashe waɗansu daga cikinsu, sa'an nan sunan ya shiga jaridu.

Abin da ya sa muka ɗauko zancen wannan ƙauye shi ne wani labari da a ke yawan ji a rediyo. Ana cewa gwamnatoci da manyan bankunan duniya suna ba da kuɗin taimako, watau kuɗin da ba rance ba ne, domin a koya wa mutanen da sana'arsu ta mutu aikin wutar lantarki ta hasken rana, wadda jama'a ke kira sola. To, mutanen Burkusuma da maƙwabtansu suna cikin waɗanda suka rasa sana'a, ga rana kuwa Allah ya hore musu ita har ta yi yawa. Ko kuɗin nan zai amfane su? Ba za mu iya sani ba sai mun waiwaya baya, gama wannan ba shi ne karo na fari da sana'a ta mutu a ƙasar nan ba, ba kuwa shi ne karo na fari da hukuma ta fid da kuɗi don a koyi wata ba.

Alƙalawa, babban birnin Gobir na dā, kufanta na nan ba nisa da Sabon Birni. A cikin shekara ta 1808 mayaƙan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo suka ci ta, aka kashe Sarkin Gobir Yunfa. Gobirawa suka watse. Bayan yaƙin Gawakuke na 1836 waɗansu suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, daga baya kuma Ɗan Halima ya rabu da 'yan'uwansa na Tsibiri ya zo ya kafa Sabon Birni. Isa kuwa ta zama ribaɗi a hannun zuriyar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. In birni ya faɗi, ba sarauta kaɗai ke faɗuwa ba. Maƙerin da ke yi wa fada takubba, da baduku mai ɗinka sirdi, da marini, da mahauci, duk sai su wayi gari ba mai sayen aikinsu.

Muhammadu Bello ya lura da wannan. A cikin littafin nan Usulus Siyasa, wanda ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya sanya kula da masu sana'a cikin wajiban mai mulki. Ya ambaci manoma da maƙera da maɗinka da marina da mahauta da masassaƙa, ya kuma nuna cewa a rarraba su, kowane gari ya sami nasa gwargwadon bukatarsa. Haka ya riƙa yi a ribaɗoɗin da ya kafa, kamar Wurno. Sai a gina ganuwa tukuna, a zaunad da mutane a ciki, a ba su gonaki, a kafa kasuwa. Mai karatu ya riƙe wannan jeri, don za mu komo kansa: ganuwa ta riga kasuwa, kasuwa kuwa ita ke riƙe da mai sana'a.

Turawan Ingila suka ci Sakkwato a watan Maris na 1903. Su da Faransawa suka yi ta jan layi a takarda, a 1898 da 1904 da 1906, har suka raba Gobir biyu, Tsibiri ta faɗa hannun Faransa, Sabon Birni hannun Ingila. Wannan layi shi ne ya mai da Burkusuma ƙauyen bakin iyaka. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya kai Ƙaura Namoda a 1929. Daga nan sai sana'o'i suka soma mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Fatake masu jakuna da takarkarai suka ga jirgi da mota sun ƙwace musu kaya. Masu narka tama suka daina hura wuta, domin maƙeri ya fi samun sauƙi ga tsohon ƙarfen mota da na reluwe. Akoko da atamfa suka cika kasuwa, masaƙi ya rasa inda zai kai sawayensa. Ga haraji kuma, wanda dole a biya da kuɗin Turawa.

Ba wanda ya tara waɗannan mutane ya koya musu kome. Abin da suka yi shi ne cin rani. Da an gama girbi sai magidanci ya rataya buzunsa ya yi kudu, ko gonakin koko na ƙasar Yarbawa, ko Gwanja, ko haƙar kuza a Jos, ko noman gyaɗa da dako a Gusau da Kano. A ranin 1952 zuwa 1953 aka tsai da malamai a kan hanyoyi da mashigai suka ƙirga masu fita, aka sami mutum fiye da 250,000, mafi yawansu 'yan Lardin Sakkwato, waɗansu kuwa daga ƙasar Faransa suka ratso. Wani Bature masanin ƙasa, R. M. Prothero, shi ya tsara lissafin ya buga. Watau makarantar sana'a ta talakan Gobir a wancan zamani hanya ce da ƙafa.

Bayan yaƙin Hitila aka fara jin kuɗin taimako sosai. A 1945 majalisar Ingila ta keɓe fam miliyan 120 don raya ƙasashen da ke ƙarƙashinta. Nijeriya ta tsara shirin shekara goma daga 1946, na fam miliyan 55, a ciki miliyan 23 daga Ingila za su fito. Da irin wannan kuɗi aka gina makarantun koyon sana'a a Yaba da Enugu da Kaduna, inda a ke koyar da kafinta da birkila da gyaran mota. Sojojin da suka komo daga Bama ma aka yi doka don a sama musu aiki, waɗansunsu kuwa tuƙin da suka koya a soja shi ya zama abincinsu.

Cikin ayyukan shirin nan akwai ɗaya da ya kamata mu tsaya a kansa, domin ya fi kowanne kama da abin da a ke nufin yi da sola. Gwamnati ta ga masaƙa suna shan wuya, sai ta ce laifin masaƙar gargajiya ne, wadda faɗin saƙarta bai wuce tafin hannu ba. Aka buɗe wuraren koyar da saƙa a masaƙa mai faɗi a garuruwa kaɗan, har da Sakkwato da ƙasar Kano. Aka kawo malamai, aka ɗauki almajirai, aka koya musu kaɗi da rini da saƙa irin ta zamani. Koyon ba shi ne ya gagara ba, gama ɗan masaƙi da ya tashi da ƙoshiya a hannu ba ya daɗewa bai gane sabuwar masaƙa ba. Wahalar tana bayan yaye. Yaro ya koma gida, masaƙa mai faɗi ta fi ƙarfin aljihunsa. In ma ya samu, tana bukatar ɗaki, ba kamar ta ubansa ba da a ke kafawa a gindin itace. Tana kuma cin zare mai yawa, wanda sai da jari. In ya saƙa ya kai kasuwa, mai son araha ya sayi akoko, mai son na gargajiya ya tafi wurin tsohon masaƙi. Kaɗan ne ƙwarai suka riƙe sana'ar, shirin kuwa bai yi nisa ba ya shiririce. Da aka buɗe masaƙar inji ta Kaduna a 1957, zancen ya ƙare.

Amma fa kada a ce duk abin da hukuma ta koyar banza ne. Tun wajen 1928 Ma'aikatar Gona ta fara koya wa manoman Arewa noman shanu. Dubi yadda aka bi da wannan. Manomi ba a raba shi da gonarsa. Malamin gona ya nuna masa yadda a ke horad da bijimai, baitulmalin En'e kuma ya ba shi rancen bijimai biyu da garma, ya riƙa biya kaɗan kaɗan bayan kaka. Ran da ya gama koyo kayan aikinsa na hannunsa. Masu bukatar aikinsa kuma ga su nan kewaye da shi, gama in ya gama huɗar gonarsa sai ya yi wa maƙwabta a biya shi. Ga taki, in bijiman sun tsufa kuma ya kiwata su ya sayar da riba. An fara da mutum ƙalilan, abin ya yi ta yaɗuwa har ya fi ƙarfin lissafin ma'aikata. Maƙera ma, da ba wanda ya kira su makaranta, suka dubi garmar Turawa suka koyi ƙera bakinta da gyaranta. Wannan kuɗi rance ne, wancan na saƙa kuwa kyauta, amma rancen ya bar abin da kyautar ba ta bari ba.

Haka aka sāke gani a fadamar Rima. Kakanninmu da jigo su ke ban ruwa, mutum ya wuni yana ɗaga guga, abin da zai shayar bai taka kara ya karya ba. Bayan farin 1973 da na 1984, waɗanda suka karkashe dabbobi suka kori mutane da yawa zuwa birane, hukuma ta mai da hankali ga noman rani. Aka gina madatsar ruwa ta Goronyo. Abin da ya fi taɓa ƙaramin manomi kuwa shi ne ƙananan rijiyoyin burtsatse da injin ban ruwa mai shan fetur, waɗanda shirin raya noma na Jihar Sakkwato ya yaɗa a shekarun 1980 da taimakon Bankin Duniya, shirin Fadama kuma ya ɗora a kai a farkon shekarun 1990. Jigo ya kwanta. Albasa da tattasai da shinkafa da alkama suka yawaita. Kan injin nan sana'o'i suka tsiro: masu haƙa rijiyar, da makanikai masu wanke kafireto da sauya fulogi, da masu sayad da mesa, da 'yan bumburutu masu sayad da fetur a galan da kwalba. Yawancinsu a bakin aiki suka koya, yaro ya zauna wurin maigidansa shekara biyu ko uku yana miƙa sifana, har ran da za a yaye shi.

Fetur ɗin nan kuma, da ya ke gwamnati na biyan wani kashi na kuɗinsa, ya fi araha a Nijeriya bisa Nijar. Saboda haka ɗaukarsa a jarka a kan babur a ƙetare iyaka ya zama sana'ar samari da yawa a duk tsawon iyakar, daga Illela har Jibiya. Doka ba ta yarda da ita ba, amma gidaje da yawa da ita su ke ci, wanda duk ya ɓoye wannan kuwa bai faɗi tarihin iyaka daidai ba.

To, cikin 'yan shekaru kaɗan duk waɗannan suka rushe, kusan a lokaci guda. A watan Agusta na 2019 Gwamnatin Tarayya ta rufe iyakokin ƙasa, ba a buɗe ba sai Disamba na 2020. A wannan tsakani ta'asar 'yan bindiga, wadda ta faro daga Zamfara, ta mamaye Isa da Sabon Birni. A watan Mayu na 2020 aka kashe mutum fiye da 70 a rana ɗaya a ƙauyukan Sabon Birni. A watan Satumba na 2021 Gwamnatin Jihar Sakkwato, don ta toshe wa ɓarayin hanyar samun guzuri, ta hana sayad da fetur a jarka, ta dakatad da cinikin dabbobi a kasuwannin yankin, ta rufe hanyar Isa zuwa Marnona, aka kuma yanke layin tarho. Ko da ya ke an yi don tsaro ne, dillalin shanu da ɗan bumburutu da mai cajin waya duk suka zauna ba aiki. A Disamba na shekarar nan aka ƙone matafiya a cikin mota a hanyar Sabon Birni zuwa Isa. Dubun dubatan mutane suka ƙetara zuwa Jihar Maraɗi, wajen Gidan Runji da Cadakori, waɗansu suka cika makarantu da kangaye a cikin Sabon Birni da Isa da Sakkwato. Waɗanda suka zauna kuwa sai sun biya 'yan bindiga kuɗi kafin su shiga gonakinsu. A Yuli na 2024 har Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, aka sace, ya rasu a hannunsu a watan Agusta.

Ana cikin wannan, ran 29 ga Mayu 2023, Shugaba Bola Tinubu ya ce an janye tallafin fetur. Litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Wata biyu bayan janyewar sojoji suka yi juyin mulki a Nijar, aka sāke rufe iyaka har Maris na 2024. Ribar ɗaukar fetur zuwa ƙetare ta ragu ƙwarai. Mai noman rani ya ga kuɗin mai zai cinye albasarsa tun tana gona. In manomi ya ajiye injinsa kuwa, makaniken injin ma ya ajiye sifanarsa.

Nan ne sola ta shigo, ba kuwa baƙuwa ba ce a wannan yanki. Tun 1965 Nijar ta kafa ofishin binciken ƙarfin rana, wanda Shehun Malami Abdu Mumuni ya daɗe yana shugabanta. A 1982 aka kafa cibiyar binciken makamashi a Jami'ar Sakkwato, wadda a ke kira Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ta riƙa ƙera murhun rana da na'urar busar da amfanin gona, a shekarun 1990 kuma ta sa wa ƙauyen Kwalkwalawa wutar sola don gwaji. A 2018 Nijar ta buɗe tashar sola mai ƙarfin megawat 7 a Malbaza, kusa da Birnin Ƙonni. Abin da ya hana talaka a dā tsada ce. Amma tsakanin 2010 da 2020 kuɗin farantin sola ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100 a kasuwannin duniya, galibi saboda yawan da masana'antun ƙasar Sin ke ƙerawa. Da fetur ya hau, faranti ya sauko, sai mai cajin waya da mai sayad da ruwan sanyi da mai ban ruwa suka fara lissafi da kansu.

Aikin kuwa yana da abin koyo, kada a raina shi. Farantin yana ba da wuta ne muddin rana na dukansa. Wutar ta bi ta wata 'yar na'ura mai daidaita caji ta shiga batir, in kuwa kayan gida za a kunna sai ta bi ta inbata. Injin ban ruwa na sola sau da yawa ba ya bukatar batir, da rana ya ke aiki, ya huta da dare. Mai haɗawa dole ya san lissafin abin da za a kunna da yawan farantin da zai ɗauke shi, ya san kaurin wayar da ta dace, ya san wajen da zai fuskantar da farantin da yadda zai karkata shi. Ƙurar hunturu tana rufe gilashin ta rage ƙarfinsa, sai ana sharewa. Zafin bazara, wanda mutum zai zaci shi ne alheri, yana rage ƙarfin farantin, yana kuma gajarta ran batir. Mutum ya sayi batir da kuɗin tumakinsa, wanda bai iya ba ya haɗa masa, kafin shekara ya mutu. Irin wannan hasara ita ke sa ƙauye guda ya yanke cewa sola ƙarya ce. Makaniken injin ban ruwa da mai gyaran rediyo da mai gyaran janareta sun riga sun san rabin aikin. Abin da ya rage musu lissafin ne, wanda a ke iya koya wa mai hankali cikin 'yan watanni.

Dabarar ba da kuɗi don a sauya wa ma'aikata sana'a daga ƙasashen masu haƙar kwal ta fito. Jamus ta rufe ramin baƙin kwal na ƙarshe a yankin Ruhr a Disamba na 2018, a 2020 kuma ta yi dokar kashe har yuro biliyan 40 a yankunan kwal kafin 2038. A Afirka ta Kudu aka kashe tashar lantarki ta Komati mai aiki da kwal a Oktoba na 2022, Bankin Duniya ya amince da kusan dala miliyan 500 don a mai da ita ta sola da iska a kuma koya wa ma'aikata sabon aiki, amma an riga an rufe tashar kafin sabon aikin ya tsaya, garin ya sha wuya. Mu ma mun taɓa ganin irinsa a Enugu, sa'ad da reluwe ta koma ga dizal wajen 1960 aka sallami mahaƙa da yawa. Sai dai duk waɗannan ma'aikata ne masu albashi. Sunan kowa na cikin littafin kamfani, suna da ƙungiya mai magana da bakinsu, an san ranar da aikinsu ya ƙare. Mutumin Burkusuma ba ya cikin littafin kowa. Shi manomi ne da damina, makanike ko ɗan acaɓa da rani, bindiga ce da tsadar mai suka sallame shi, ba takarda. In an ce a kawo sunayen waɗanda suka rasa aiki, wa zai rubuta nasa? Wanda ya san yadda a ke rabon irin waɗannan gurabe ya san sau da yawa sunayen daga gidajen masu faɗa a ji su ke fitowa.

Kuɗi kam an fitar. A 2018 Bankin Duniya ya ba Nijeriya rancen dala miliyan 350 don kai wuta karkara ta hannun Hukumar Lantarkin Karkara, a Disamba na 2023 kuma ya amince da waɗansu miliyan 750 don a kai wa mutum fiye da miliyan 17 wutar sola. A 2020 Gwamnatin Tarayya ta yi shelar shirin sa wa gidaje miliyan 5 sola, ta ce tana fatan ya samar da aiki 250,000. Makarantar horad da ma'aikatan lantarki ta ƙasa, da taimakon Jamus da Tarayyar Turai, ta tsara darussan haɗa sola. Hukumar samar da aikin yi, wadda aka kafa tun zamanin Janar Babangida, ita ma ta sa sola cikin sana'o'in da ta ke koyarwa. Amma mafi yawan manyan kuɗin nan kamfanoni a ke ba, gwargwadon gidajen da suka haɗa wa wuta. Dabara ce mai kyau don hana cin kuɗi ba aiki, sai dai kamfani ba zai kai farantai da injiniyoyinsa inda za a sace su ba. Koyarwar kuma a manyan birane a ke yinta, da Turanci, ga wanda ke da takardar makaranta. Ta haka kuɗin da aka fitar don wanda ya fi kowa rasa wuta da aiki ya kan tsaya nesa da shi.

A ganina, in aka auna da abin da ya wuce, yawancin koyarwar sola ta 'yan kwanaki, wadda a ke rufewa da ɗaukar hoto da raba takardar shaida, 'yar'uwar masaƙa mai faɗi ce. Yaro zai koma da ilmi a ka, ba mita ta awon wuta, ba jari, ba mai saye. Wadda za ta yi kama da noman shanu ita ce a nemi makanikan da ke da rumfa da yara a Sabon Birni da Isa da Goronyo, a koya musu da Hausa, a bar su su koya wa yaransu kamar yadda suka saba. A sallami kowa da kayan aiki. Sa'an nan a ba manoman fadama rancen injin ban ruwa na sola, su biya bayan sun kwashe albasa, domin manomin da ya sayi injin shi ne zai riƙa kiran mai gyara. 'Yan gudun hijira da ke zaune a garuruwan nan su ne suka fi kowa lokacin koyo, rijiyoyin burtsatse masu sola da ƙungiyoyin agaji ke haƙa musu kuwa suna bukatar mai duba su kullum. Matan da aka kashe wa maza ma suna da rabo a ciki, gama firjin sola da injin markaɗe da cajin waya duk sana'o'i ne da a ke yi a cikin gida.

Saura ganuwa, wadda Muhammadu Bello ya fara da ita. Farantin sola abu ne mai ƙyalli, ana hango shi daga nesa, mutum biyu kuwa sun isa su kwance shi su ɗora a babur. 'Yan bindigan da ke daji su ma suna bukatarsa don cajin wayoyinsu. Manomin da bai tabbata zai kwana a gidansa ba, ba zai ci bashin injin da zai bari a fadama ba, mai ba da bashin ma ba zai bayar ba. Saboda haka sana'ar ta fi saurin kama ƙasa a cikin garuruwan da ke da jami'an tsaro, a kan rufin shaguna da masallatai da asibitoci. Yaron Burkusuma da ya koyi aikin a Sabon Birni ko a Maraɗi, a can zai fara samun masu kiransa, kamar yadda kakansa ya sami abin haraji a Gwanja. Fadamar da ta fi bukatar injin kuwa tana bayan gari, inda mai shiga sai ya biya kuɗin shiga tukuna.